Wata Bakwai da Na Sa Baba Adamu Jira

Ku da kuke sayen tikitin jirgi a waya kafin shayinku ya huce, na san abin da kuke faɗa game da sana'armu. Kun ce ba komai a cikinta sai danne-danne da karɓar kamasho. Ban ga laifinku ba, abin da kuka tarar ke nan. Ni sunana Habu, na yi shekara ashirin da ɗoriya ina shirya wa mutane tafiya daga wani ɗan ofis a Nguru, kusa da tashar jirgin ƙasa. Abin da ya fi ba ni wuya a aikin ba tikiti ba ne, ba kuma biza ba ce. Zaɓen rana ne. Akwai wani tsohon masunci daga Gashua da na zaɓa wa ranar tafiya alhali idonsa yana mutuwa ban sani ba, na sa shi jiran wata bakwai. Labarinsa zan ba ku, amma sai kun fara sanin yadda aikin yake, in ba haka ba za ku ɗauka sakaci ne kawai ya ja mini.

A Kano na koyi aikin, wurin wani abokin mahaifina da ake kira Alhaji Tijjani. Mu asalinmu Kanawa ne, kakana ne ya biyo layin dogo ya zauna a Nguru yana sayen fata da ƙaro. Na taɓa koyarwa shekara biyu, alli bai karɓe ni ba, sai mahaifina ya haɗa ni da Alhaji. Wata shida cur mutumin nan bai bar ni na taɓa tikiti ba. Wani littafi ya ajiye mini, mai kauri kamar bulo, cike da lokutan tashin jirage na duniya, rubutunsa ƙanana har sai ka matse ido. Da safe zai shigo ya rataye hularsa ya ce, "Habu, kai mini mutum Karachi ranar Talata, kada ya kwana a filin jirgi." In na kawo masa hanya bayan awa biyu, sai ya duba ya ce, "Ka bar masa minti arba'in ya canza jirgi. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, da gudu zai yi?" Ni kuwa bai taɓa gaya mini tsoho ne ba. Sai in koma in sake.

Tikiti a lokacin da hannu ake rubuta shi. Ɗan littafi ne mai shafuka, bayan kowane shafi da jan kabon, sai ka danna biro da ƙarfi rubutun ya ratsa har ƙasa. In hannunka ya goce ka ɓata layi ɗaya, ba gogewa, tikitin ya mutu, sai ka je ka yi bayani. Har yau akwai kanta a yatsana na tsakiya. Alhaji yana da wani littafin kuma na kansa, wanda ya rubuta yanayin ƙasashe a ciki: watan da sanyi ke kashe mutum a Turai, watan da zafin Makka ke kwantar da tsofaffi, watan da ake rufe kasuwanni a Sin. Na kwafe shi kaf kafin in dawo gida.

Da na buɗe nawa ofishin a farkon shekarun casa'in, kayan aikina ba su da yawa. Tafireta ɗaya, injin faks, wayar tebur da take mutuwa duk sanda aka yi iska, ƙaramin janareta, da taswirar duniya da na manna a bango. Ba ni da ikon fitar da tikiti da kaina, saboda haka duk mako sai na shiga motar haya zuwa Kano, fasfunan mutane a cikin jaka na ɗaure ta a ciki ƙarƙashin riga. Ba na cin abinci a hanya, ba na barci. Masu zuwa wurina iri uku ne: masu umara, 'yan kasuwa masu zuwa Jidda da Dubai, da marasa lafiya da za a kai Alƙahira. Suna zuwa daga Gashua, daga Jajimaji, har daga Yusufari. Tafiyar hutu kuwa ba wanda ke tambaya. Hutu a wurinmu shi ne mutum ya je ƙauye ya gaida dangi ya dawo da buhun gero.

Wanda ya fara kawo mini maganar tsibiri wani injiniya ne ɗan garinmu, ya yi karatu a waje, yana aikin haƙa rijiyoyin burtsatse. Ya yi aure, yana so ya kai amaryarsa wani tsibiri a Tekun Indiya, inda otal ɗaya ya cinye tsibirin gaba ɗaya, ɗakunan kwana a kan ruwa bisa ginshiƙan katako. Shi ya kawo mini lambar faks ɗin otal ɗin. Na ji daɗi, domin aiki ne da ba wanda ya taɓa yi a garin. Na haɗa masa jirage uku ba tare da ya kwana a hanya ba, na samo masa ɗaki, na shirya jirgin ruwan da zai ɗauke su daga filin jirgi. A watan takwas ya ce yana so, na rubuta watan takwas. Tsibirin nan ba ya cikin littafin Alhaji Tijjani, ni kuma bai zo mini in tambaya ba.

Kwana shida suka yi, kwana shida ana ruwa da iska. Da ya dawo bai shigo ofis ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ranar kasuwa, mutane na wucewa, ya ce, "Habu, ka tura ni ƙarshen duniya in kalli ruwan sama ta taga. Da a Nguru na zauna ai da na gan shi kyauta." Kafin la'asar magana ta zaga gari, kafin mako ta canza kama, har ana cewa Habu ya tura mutum ƙasar da ba ita ya nema ba. Shekarar kuma ta zo da tata wahalar: man fetur ya yi wuya, jirage suna soke tashi ba sanarwa, duk wanda aka bari a filin jirgi ni yake zagi. Manyan 'yan kasuwa suka riƙa wuce ƙofata suna tafiya Kano da kansu. Na yi watanni ina buɗe ofis in share in zauna ina korar ƙuda. Ita ce muguwar shekarata, kuma na ji kunyarta fiye da yadda na ji yunwarta.

A cikin zaman banzan nan na rubuta wa otal ɗin ina tambayar yanayinsu. Suka aiko mini da jadawali ta faks, wata goma sha biyu a jere, an yi wa wasu hoton rana, an yi wa wasu hoton laima. Daminarsu kusan tare take da tamu, daga watan biyar zuwa na goma ko sha ɗaya, lokacin rana kuwa daga watan ɗaya zuwa na uku. Daga baya suka aiko da wasu hotuna masu launi ta gidan waya. Na manna jadawalin a cikin littafina, na rataye hoto ɗaya a bango, na yi wa kaina alkawari cewa ba wanda zan sake turawa tsibirin nan a watan laima, ko da zai kwanta yana birgima. A hankali mutane suka dawo. Na tura wasu ma'aurata biyu a watan rana, suka dawo suna sa mini albarka, sai na ƙara riƙe dokar tawa da hannu biyu.

Alhaji Musa mai banda yana cikin waɗanda ba su guje ni ba a muguwar shekarar. Mutumin Gashua ne, ɗan ƙabilar Bade, yana loda busasshen kifi da tattasai zuwa kudu, Allah ya buɗa masa sosai. Mahaifinsa shi ne Baba Adamu, masunci tun yana yaro, irin waɗanda ke kwanciya a kan gora su bi kogi da koma a hannu. Ni na shirya wa tsohon umara shekara biyu kafin wannan magana, saboda haka fasfonsa da katin allurarsa duk suna da rai. A farkon shekarun dubu biyu ne, wayar hannu ba ta iso mu sosai ba, ranar wata kasuwa a watan shida, suka shigo tare. Alhaji ya zo kan tafiyarsa ta Dubai, tsohon kuma ya rako shi ne kawai.

Da tsohon zai shigo, ƙafarsa ta ture butar da ke gefen ƙofa. Na ce ba komai. Na lura in zai dube ni sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, ba ya kallo ta gefe, na ɗauka tsufa ne. Muna cikin magana da Alhaji sai na ga tsohon ya tashi ya tsaya gaban hoton tsibirin, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Hoton ɗaki ne a kan ruwa, da matakala tana sauka ciki, ga kifaye suna yawo, har inuwarsu ana gani a kan farin yashin da ke ƙasa.

Ya ce, "Malam, wannan ruwa ne ko gilashi?"

Na ce, "Ruwa ne, Baba. Teku ne."

"Kifin nan da ransu?"

"Da ransu aka ɗauke su."

Ya daɗe yana bin hoton da kai, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sannan ya ce, "Shekara sittin ina cikin ruwa, ban taɓa ganin kifi yana harkarsa ba. Ruwanmu kamar kunu yake, da hannu muke lalube. Sai ya shiga koma nake ganinsa, lokacin kuwa ya riga ya ruɗe. Ashe akwai inda mutum zai zauna ya ga yadda suke zamansu." Bai ce a kai shi ba. Ya koma ya zauna har muka gama.

Bayan mako ɗaya Alhaji Musa ya dawo shi kaɗai. Ya ce, "Malam Habu, wushe, sannu da aiki. Wurin nan na hoto nake so in kai Baba. Ɗakin da ke kan ruwa, wanda ya fi kowane kyau. Kada ka duba tsada."

Na ce, "An gama, Alhaji. Yaushe?"

Ya ce, "A cikin watan nan, in zai yiwu."

Zai yiwu. Ina so ku riƙe wannan. Ƙasar ba ta neman biza tun daga nan, a filin jirgi suke buga wa baƙo hatimi. Ɗakuna a lokacin ba kowa, takardun tsohon a shirye. Da na ce to, da cikin kwana goma sha biyu suna can. Amma na buɗe littafina na juyo masa da jadawalin, na sa yatsa a kan laimar watan shida, na ja shi har zuwa ranar watan ɗaya. Na ba shi labarin injiniya, duk da ya riga ya sani. Na ce in aka je yanzu ruwan sama za a kallo, ruwan tekun ma ya gurɓace, ba kifin da za a gani. Wannan magana ta ƙarshe ba wanda ya gaya mini ita, ni na ƙaddara ta daga yadda koginmu yake yi in an yi ruwa. Ita ce kuma ta kama shi. Ya ce, "To, tunda ka ce ba za a ga kifin ba." Muka tsayar da watan ɗaya.

Ban taɓa yi wa wata tafiya hidima irin wadda na yi wa wannan ba. Wasiƙa ta kai goma sha da na buga a tafireta na tura ta faks, wani lokaci sai na yi kwana uku ina jiran layi ya dawo. Na nemi ɗakin ƙarshe a jerin, nesa da inda Turawa ke kwanciya a yashi ba kayan kirki a jikinsu. Na sa a kwashe giyar da ke cikin ƙaramin firjin ɗakin kafin su iso. Na tambayi naman da suke dafawa, aka ce ma'aikatan Musulmi ne, suna da ɗan masallacinsu a bayan kicin, za su nuna wa baƙi alƙibla. Na tambayi tsawon matakalar da ke sauka cikin ruwa da ko tana da abin riƙewa. Na nemi keken tura tsoho a kowane filin jirgi, na bar musu awa huɗu a Dubai don kada a sa shi sauri. Na rubuta wa Alhaji abin da za su ɗauka: yaji, garin kunu, fulas, takalmin roba, da man shafawa. Na yi tunanin cikin tsohon, da gwiwarsa, da sallarsa. Ina ji da kaina sosai a watannin nan.

A watan takwas Alhaji Musa ya biyo, damina ta yi nisa, hanyar Gashua duk ta lalace. Ya ce, "Baba yana tambaya." Na nuna masa amsar otal, na ce komai yana tafiya daidai. Ya sake zuwa a watan goma, ana shirin yankan shinkafa. A ranar bai zauna ba.

Ya ce, "Malam Habu, ko da ruwan ne mu je haka. Mu ai mutanen ruwa ne."

Raina ya ɗan sosu, domin na ga kamar ana so a rushe mini ginin da na kusa gamawa. Na mayar da abin wasa na ce, "Alhaji, kai ka san banda, ni na san tafiya. Na taɓa zuwa rumfarka na koya maka yadda ake juya tarwaɗa a kan wuta? Saura wata uku kacal. Bar mini aikina."

Ya yi ɗan murmushi. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya rufe, ya gyara hularsa. Na gani da idona akwai magana a bakinsa. Amma kun san yadda muke: ba ka tambayar babban mutum abin da ke damun jikin mahaifinsa in bai fara ba. Ka ce yaya Baba, ya ce lafiya lau, magana ta ƙare. Haka muka yi. Na raka shi har mota.

Ranar tafiya na je Gashua da sassafe da tikitoci, domin na yi niyyar raka su har filin jirgin Kano. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Can sai ga Alhaji ya fito a hankali, tsohon yana bayansa, hannunsa a kan kafaɗar ɗan. Ya sha sabuwar farar riga. Na tashi na miƙa masa hannu biyu na ce, "Baba, ina kwana." Ya amsa da fara'a, ya miƙo nasa hannun wajen ƙofa, inda ba kowa. Alhaji ne ya kamo hannun ya sa a nawa. Na tsaya riƙe da hannun tsohon na kasa sakinsa.

Ba mu yi maganar ba sai da muka tsaya sallar azahar a Hadejia, tsohon yana zaune a inuwa yana jan carbi. Na ja Alhaji gefe. Ya ce mini likita a Kano ya gaya musu tun bara cewa hawan jinin ido ne, ba yanar ido ba ce da ake cirewa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Idon hagu ya riga ya mutu tun kafin su zo ofishina. Na dama kuwa gefe-gefensa ya rufe, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin kara. An ba su maganin ɗigawa, an ce zai iya riƙe shi, zai iya kuma kasawa. Tsohon ya tara 'ya'yansa ya hana su gaya wa kowa, ya ce ba ya so a fara yi masa jagora yana da sauran gani.

Alhaji ya ce, "Lokacin da na zo maka a watan goma, in na tsaya daidai gabansa yana gane fuskata. Bayan an gama yankan shinkafa ne ya tashi wata safiya ya tambaya ko gari bai waye ba."

Na ce, "Alhaji, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Ya hana ni. Kai kuma ba ka tambaya ba. Da ka tambaya, da ba zan iya yi maka ƙarya ba. Sau uku ina zuwa ko za ka tambaya."

Na ce ko a fasa tafiyar, zan san yadda zan yi da otal ɗin. Ya ce ya riga ya kawo wa tsohon wannan shawara, tsohon ya ce an sa rana, a je. Na raka su har inda ake hana mai rakiya wucewa. Na ga an zaunar da shi a keken da na nema saboda gwiwarsa, aka tura shi ciki.

Da na koma Nguru na zauna gaban tafireta na buga wa otal ɗin tambayar da ya kamata in yi tun shekarun baya. Na ce su gaya mini, a watannin da suka yi wa hoton laima, yaya ruwan yake sauka, kuma ana ganin kifi ko ba a gani. Washegari amsa ta fito daga injin. Suka ce yawancin kwanaki awa ɗaya ko biyu ake yi ana ruwa, sai gari ya washe. Wani lokaci a kan samu mako guda na iska, amma ba kullum ba. Kifi kuwa ana ganinsu daga matakala duk shekara, domin ƙasan wurin yashi ne, ba laka. Layi biyar ne duka amsar. Injin da ya kawo ta yana kan teburina duk tsawon wata bakwai ɗin nan, ina tambayarsu firji da alƙibla.

A ranar na gane wa aka rubuta wa jadawalin da na riƙe kamar karatun allo. Mutanen ƙasashen sanyi aka rubuta wa, waɗanda ke tara kuɗin shekara su je su sayi rana. A wurinsu ranar da aka yi ruwa asara ce. Ni kuma na ɗauki ma'auninsu na auna wa mutumin Gashua, inda rana ke korar mutum daga kasuwa tun kafin azahar, inda in hadari ya haɗu har yara ke fita suna murna. Injiniya ya koyo son rana a inda ya yi karatu, shi ya sa ya ji haushi. Baba Adamu rabin rayuwarsa a jiƙe ya yi ta. Na hana masunci tafiya don kada ruwan sama ya taɓa shi.

Daga wannan shekarar na canza yadda nake karɓar aiki. Kafin in buɗe kowane littafi sai na tambayi mutum abu biyu: me ya sa yanzu, kuma wanda zai yi tafiyar yaya jikinsa yake, tsakani da Allah. Ba kowa ke so ba. Wani attajiri daga Yusufari ya taɓa tattara fasfon mahaifiyarsa ya fita, ya ce ni ba likita ba ne, ban kuma da kunya. Na bar shi ya tafi. Wasu kuwa sai su ja kujera kusa, su faɗi abin da tun farko suke neman wanda zai tambaye su. Wayar da ke hannunku za ta nuna muku watan da ya fi araha da watan da ya fi rana, amma ba za ta yi muku wannan tambayar ba.

Bayan sun dawo da kwana biyar na shirya zan je Gashua in yi musu barka da zuwa, sai ga su sun riga ni. Alhaji ya ce tsohon ne ya matsa sai an kawo shi ya yi godiya. Na zaunar da shi a kujerata. Ya kawo mini tsaraba, wani ƙaton kwanson teku mai ruwan hoda a ciki, yana ta shafa shi da yatsa kafin ya miƙo.

Ya ce, "Malam, aikinka ya yi kyau. Ba inda muka tsaya aka ce ba a san da mu ba. Ɗakin nan har ƙarshe yake, ba hayaniya. Yaran wurin suna da ladabi, ɗaya ma masunci ne ubansa, Musa yana fassara mana muna hira. Rana kuwa ka zaɓo ta, kamar ta Gashua a bazara."

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Ni na ja muku jiran nan, kuma ba dalili."

Ya ɗaga hannu ya ce, "Abin da Allah ya rubuta. Ni ma na ɓoye." Sannan ya ci gaba. "Kullum da safe Musa yana saukar da ni matakala in zauna, ruwa ya kawo mini nan." Ya nuna ƙirjinsa. "Kifaye suna zuwa. Ƙanana su fara taɓa ƙafa, manya su wuce ta gefe, ina jin nauyin ruwan da suke turowa. Ba sa tsoro. Musa ya riƙa gaya mini, ga shuɗi, ga mai ruwan ɗorawa, ga mai zane-zane. Rana ta biyu na ce masa ya bari, domin in yana faɗa zuciyata tana ƙuna."

Alhaji Musa ya juya yana kallon titi.

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji numfashina. Ya ce, "Malam, kai da ka san wurin nan haka, sau nawa ka je?"

Na ce, "Ban taɓa zuwa ba, Baba. Ko teku ban taɓa gani ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ashe kai ma labari ka ji. To, mu biyu ke nan."

Ya laluba ya sami kafaɗar ɗansa, suka fita.